Cyclone Taylor: Tauraron ƙwallon gora da ya fifita kujerar gwamnati

A tarihin ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wasan da mutanen Kanada suka ɗauka tamkar gadon gida, ba a cika samun ɗan wasan da ya san darajar kansa a teburin ciniki kamar Frederick Taylor ba. An haife shi ranar 23 ga Yuni, 1884, a Tara da ke lardin Ontario, ya tashi a garin Listowel. Saboda tsananin gudunsa a kan ƙanƙara aka yi masa laƙabi da Cyclone, wato guguwa.

Ya fara cin abinci da wasa a garin Houghton na jihar Michigan ta Amurka. A 1907 ƙungiyar Ottawa, babban birnin Kanada, ta nemi ya dawo gida. Ladan da ta yi masa tayi dala 500 ne a kaka guda, amma abin da ya ja hankalinsa shi ne alkawarin gurbi a sashen shige da fice na gwamnatin tarayya, kan albashin dala 35 a wata. Matashin ya fahimci cewa ƙarfin ƙafa na ɗan lokaci ne, aikin ofis kuwa zai kai shi tsufa. Ya amince, kuma a 1909 ya ɗauki Kofin Stanley tare da Ottawa.

A ƙarshen shekarar ne cinikin da ya fito da sunansa ya auku. Attajiri M. J. O'Brien da ɗansa Ambrose sun ƙudiri aniyar kai kofin ƙaramin garinsu, Renfrew, ko nawa zai ci. Aka yi ta ja-in-ja tsakaninsu da Ottawa a kan Taylor, har daga bisani ya sa hannu da Renfrew a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala 5,250, domin wasanni 12 kacal. Hakan ya ninka ladansa na farko fiye da sau goma. Duk da haka bai ajiye aikin gwamnati ba, Renfrew kuma ba ta ci kofin ba.

Amfanin wannan tsari ya bayyana a 1911, lokacin da Renfrew ta fice daga gasar, aka miƙa haƙƙin Taylor ga ƙungiyar Montreal Wanderers. A wancan zamani ɗan wasa ba shi da ta cewa kan inda za a tura shi. Taylor ya ƙi zuwa, domin ofishinsa a Ottawa yake, ya gwammace kakar ta wuce shi. Ba kowa zai iya haka ba. Albashin ƙarshen wata ne ya ba shi bakin cewa a'a. A 1912 ya koma Vancouver, gasar da 'yan'uwan nan Frank da Lester Patrick suka kafa, aka kuma mayar da aikinsa can. Ya sake cin Kofin Stanley a 1915, ya zo na ɗaya a cin maki sau biyar a gasar.

Sai dai kujerar da ta kare shi ta ɗora masa nata nauyin. A Mayun 1914 jirgin ruwa Komagata Maru ya iso Vancouver da fasinjoji 376 daga Indiya, akasarinsu mabiya addinin Sikh. Dokar da aka tsara domin toshe wa Indiyawa hanya ta hana yawancinsu sauka. Taylor na cikin jami'an da aka tura jirgin, wanda ya shafe wata biyu a tashar kafin a kora shi. Da ya isa kusa da Kalkata, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta, mutane suka mutu. Sai a 2016 Firayim Minista Justin Trudeau ya nemi gafara a majalisar dokoki.

Taylor ya ci gaba da aiki har ya zama kwamishinan shige da fice na British Columbia da Yukon. An ba shi lambar MBE a 1946, aka sanya shi cikin zauren gwarazan wasan a 1947, ya yi ritaya a 1950. Ya rasu a Vancouver ranar 9 ga Yuni, 1979, saura mako biyu ya cika shekara 95.