Teri Foks, mai gudu da ƙafa ɗaya

An haifi Teri Foks ran 28 ga watan Yuli na shekarar 1958 a birnin Winipeg, cikin ƙasar Kanada. Ya girma a yammacin ƙasar, kusa da birnin Bankuba. Tun yana lakwal yana son wasan ƙwallon kwando. Shi gajere ne, kuma da farko bai iya ba sosai. Amma kullum yana zuwa filin wasa yana koyo, har ya shiga cikin gwanayen makarantarsu.

Yana da shekara 18 ya fara jin ciwo a gwiwarsa ta dama. Likitoci suka duba, suka ga cutar daji ce ta kama ƙashi. A watan Maris na 1977 aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, aka sa masa wata ta roba da ƙarfe. Ya yi wata 16 yana karɓar magani. A asibiti ya ga yara ƙanana da cutar ta kama, waɗansu suna mutuwa. Ya kuma gane cewa kuɗin da ake ba masu neman maganinta ba su da yawa. Sai ya ƙudura niyyar ratsa Kanada da gudu, daga gabas zuwa yamma, don mutane su ba da taimako.

Gudu da ƙafar roba ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ya yi tsalle biyu a kan ƙafar hagu kafin ya taka ta roba. Dungun yakan yi ƙuraje, wani lokaci har da jini. Ya fara da ɗan gajeren zango, yana lissafin abin da ya yi, yana ƙoƙari ya wuce na jiya. A 1979 ya shiga wata tseren hanya tare da masu ƙafa biyu. Shi ne ya zo na ƙarshe, amma ya kai ƙarshen, ƴan kallo suna yi masa tafi.

Ran 12 ga Afrilu 1980 ya tsoma ƙafarsa ta roba cikin tekun Atlantika a garin Sen Jon, ya kama hanya. Abokinsa yana biye da shi cikin mota. Kowace rana yakan yi wajen kilomita 42. Wannan ya fi a tashi daga Matankari zuwa Dogondutsi a dawo. Iska da ruwa da sanyi sun dame shi. A waɗansu wurare masu motoci suna ture shi gefen hanya, ba a kuma ba da kuɗi sosai.

A wani gari mai mutum dubu goma aka tara masa dala dubu goma. Dalar Kanada ce, ba dalar sefa ta tamma biyar ba. Daga nan ya roƙi kowane ɗan ƙasa ya ba da dala ɗaya. Mutanen Kanada a lokacin miliyan 24 ne. Sannu a hankali labarinsa ya bazu. Da ya isa birnin Toronto, dubban mutane suka fito tarbarsa.

Ran 1 ga Satumba 1980, kusa da garin Tanda Be, tari da ciwon ƙirji suka tsayar da shi. Cutar ta kama huhunsa. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5.373, kamar a je Damagaram daga Yamai sau shida. Bai kai tekun yamma ba, amma mutane suka ci gaba da ba da kuɗi. A watan Fabrairu na 1981 abin da aka tara ya wuce dala miliyan 24. Teri Foks ya rasu ran 28 ga Yuni 1981, saura wata ɗaya ya cika shekara 23.

A watan Satumba na wannan shekara aka yi gudu na farko da sunansa, mutum fiye da dubu ɗari uku suka shiga. Tun daga nan ake yin sa kowace shekara. A wannan gudu ba a fid da na ɗaya. Kowa yana tafiya iyakar ƙarfinsa, kuɗin da aka samu a ba masu neman maganin cutar daji.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka yanke ƙafar Teri Foks?
2. Me ya gani a asibiti?
3. Kilomita nawa yake yi a rana? A kwana 7 nawa ke nan?
4. Wane aikin taimako yaran ajinku za su iya yi a garinku?