Chari Maigumeri: fursunan Garwa da ya zama samanjan waɗanda suka kama shi

A Lokoja, inda Binuwai ke haɗuwa da Kwara, akwai barikin soja mai suna Chari Maigumeri. Mai sunan kuwa a nan arewacin Kamaru ya fara riƙe bindiga, kuma a ƙarƙashin tutar Jamus.

Ɗan ƙasar Barno ne, an haife shi a ƙarshen shekarun 1890, lokacin da Rabeh ke mulki daga Dikwa. Bayan Faransawa sun kashe Rabeh a Kuseri a 1900, Turawa uku suka raba ƙasar: Ingila ta ɗauki kaso mafi girma, Faransa ta ɗauki nata, Dikwa kuma ta faɗa hannun Jamus a cikin Kamaru. Don haka yaron Barno ya sa kakin Jamus ba abin mamaki ba ne a wancan zamani. Samarin da ke shiga soja galibinsu 'ya'yan manoma ne da makiyaya, kuma albashin tsabar kuɗi abu ne mai jan hankali ga wanda haraji ke jiransa bayan kaka. Chari ya shiga rundunar Jamus ta Kamaru a 1913, yana da shekara 16 ko kusa da haka.

Bai cika shekara biyu da kaki ba yaƙi ya ɓarke a Turai, ya kuma iso bakin Binuwai cikin makonni. A ƙarshen Agustan 1914 sojojin Ingila suka taso daga Yola suka auka wa Garwa. Jamusawa sun riga sun haƙa ramuka sun kafa ganuwa a kan tuddan garin, suka fatattaki maharan, har kwamandansu, Kanar MacLear, ya mutu a wurin. Masu tarihin sojan Nijeriya sun rubuta cewa Jamusawa sun ba Chari lambar yabo ta Iron Cross saboda jaruntakarsa a faɗan arewacin Kamaru.

Karo na biyu ya bambanta. Cunliffe na Ingila da Brisset na Faransa suka kewaye Garwa da manyan igwa, ɗaya an hauro da ita ta kogi. Luguden wuta ya karya zuciyar sojojin da ke cikin ramuka, wasu suka faɗa Binuwai don su tsere, ruwa ya ci da yawa daga cikinsu. Ranar 10 ga Yunin 1915 kwamandan Jamus, von Crailsheim, ya miƙa wuya. Chari na cikin 'yan Afirka kimanin 200 da aka kama. Daga nan garuruwan Adamawa suka riƙa faɗuwa: Ngaundare a ƙarshen Yuni, Tibati da Banyo a Nuwamba. Tibati dai ta san wannan hali, domin a 1899 Jamusawan ne suka shige ta da wuta. Dutsen Mora kaɗai ya jure har Fabrairun 1916.

A 1917 fursunan ya sa hannu a rundunar Nijeriya ta Ingila, aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi Jamusawan Janar von Lettow-Vorbeck, wato iyayen gidansa na jiya. Mai karatu na iya kiran wannan cin amana, amma ni ban ga amanar da aka ci ba. Jamus ba ƙasarsa ba ce, Ingila ma haka. Abin da yake da shi shi ne sana'arsa. Wani abin da ya sauƙaƙa masa sauyin shi ne harshe: a barikin Nijeriya da Hausa ake magana, Babarbare ne kai, Bafulatani ko Batibi, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta.

Tsakanin yaƙoƙin biyu ya yi ta hawa har ya zama babban samanjan Bataliya ta 3. Wannan shi ne ƙololuwar abin da aka yarda baƙar fata ya kai a lokacin. Samanja ne ke horar da kurata, shi ke sasanta rigimar bariki, shi ke faɗa wa kwamanda abin da sojoji ke gunaguni a kai. Duk da haka ƙaramin laftanan da ya sauko daga jirgi jiya yana gaba da shi a muƙami.

Yaƙin Hitila ya same shi ya haura shekara 40. Bataliyarsa na cikin birged ɗin Nijeriya da ya shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairun 1941, ya bi Italiyawa da motoci ta cikin hamada har Jijiga da Harar kafin Maris ya ƙare, tafiyar fiye da kilomita 1,500. A wannan yaƙi na Habasha ya sami Military Medal. Daga baya aka kai su Indiya, sannan Bama, inda sojojin Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa a dazukan Arakan, kaya a kan 'yan dako, abinci kuma jiragen sama ke jefowa. A 1944 aka ƙara masa British Empire Medal.

A 1953 yana cikin tawagar da ta je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A shekarar ce ya ajiye aiki bayan shekara 36 a rundunar, aka sallame shi da muƙamin kyaftin na girmamawa. A lokacin an riga an fara ba samarin Nijeriya masu ilimin boko muƙaman hafsoshi na gaske, waɗanda shekaru kaɗan baya da a hannun irinsa za su koyi fareti.