Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin da Sunansa ne Takardar Shaidarsa

A cikin birnin Zazzau akwai unguwar da ake kira Babban Gwani. Sunan nan na magini ne, Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu. Ya rayu a ƙarni na 19, lokacin da masarautun Daular Usmaniyya ke gina masallatai da fadoji bayan jihadi, ya kuma yi fice har laƙabinsa ya shafe sunansa na yanka.

Aikin da ya ɗaukaka shi shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Kayan aikinsa ba su wuce abin da ƙasar ta tanada ba: jar ƙasa, tubali da azara ta itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara tana da iyaka. Idan aka shimfiɗa ta a kan fili mai faɗi, nauyin ƙasar rufi yakan lanƙwasa ta. Gwanintar Durugu ita ce yadda ya riƙa ɗaure azara bisa azara, kowace ta ɗara ta ƙarƙashinta tsawo, har su haɗu su zama bakan gizo, sa'annan ya ɗora tulluwa a kan ginshiƙai masu kauri. Da haka ya samar da zaure mai faɗi da tsayi wanda ya ɗauki sahun masallata fiye da shekara ɗari.

Daga nan sunansa ya ƙetare Zazzau. Shi ake danganta wa Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka gina wajajen 1860, aka kuma sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956.

A zamaninsa babu takardar shaida, amma akwai tantancewa. Yaro kan fara da kwaɓa ƙasa da buga tubali, ya koma miƙa wa na kan katanga, ya koyi yaɓe da shafa makuba, kafin bayan shekaru a bar shi ya taɓa rufi. A saman tsarin akwai Sarkin Magina, mai raba aiki, mai sasanta rikici, mai amsa kira a fada idan gini ya ba da matsala. Wannan sarauta ta daɗe a hannun zuriyar Babban Gwani a Zariya. Duk soron da ya tsage, gari ya san wanda ya gina shi da wanda ya koya masa, kuma abin kunyar yakan bi gidan baki ɗaya.

Tsarin bai rasa aibi ba. Ilimin ya taƙaita a cikin 'yan gidaje, magini kuma yana ƙarƙashin ikon mai sarauta. Labarin baka ya nuna cewa bayan Durugu ya gina masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya sake gina wa wani irinsa. Dawwamar labarin a bakin jama'a ta nuna darajar da ake ba gwaninta, da kuma rashin kariyar mai ita.

A shekarun 1970 aka yi wa masallacin Zariya gyara, aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na kankare. Mai son ganin siffarsa ta asali sai ya je Jos, inda masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafa gidan adana gine-ginen gargajiya na Najeriya, aka sake gina kwatankwacinsa.

A garin Jos ɗin ne kuma ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Yulin 2024, mutum 22 suka rasu. Kafin nan, a Nuwamban 2021, wani bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, ya hallaka sama da mutum 40. Alhali Najeriya na da majalisar rajistar magina ta CORBON tun 1989, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Doka tana nan, amma birkilan da ke aza bulo a Gumel ko Maigatari, wanda mafi yawan gidajen talakawa ke fitowa daga hannunsa, ba kasafai wani ke gwada ƙwarewarsa ko ƙarfin bulon da ya saya ba.

Rayuwar Babban Gwani ta bar ma'auni mai sauƙi ga hukumomin da ke ba da lasisi da masu ba da kwangila: kada a ɗora wa mutum rufi sai an ga hannunsa a katanga, kuma kowane gini ya kasance da sunan wanda zai amsa tambaya ranar da ya faɗi.