Malam Muhammadu Alkatsinawi, Masanin Hisabi

Shi dai Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda Larabawa suka sani da Alkishnawi, Bafillace ne mutumin ƙasar Katsina. Ya yi karatu a hannun Shaihu Muhammadu Alwali na Bagarmi da waɗansu malamai, har ya yi zurfi cikin ilmin hisabi da na taurari. Daga nan ya tafi aikin hajji, ya zarce Masar.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne hatimi, wato zanen nan mai gida-gida da ake jera lambobi a cikinsa, yadda ko ta ina aka tara su, tsaye ko kwance ko a karkace, jimilla ɗaya za ta fito. Alal misali, in aka zuba 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi 15 ne. Mutanenmu da yawa kayan tsibbu kurum suka ɗauki hatimi. Shi ma bai raba shi da asiri ba, amma a littafinsa Bahjatul Afaƙ, na wajen 1732, ya shimfiɗa ƙa'idojin tsara hatimi mai layukan wutiri dalla-dalla, irin na gwanayen lissafi.

A Alƙahira ya sauka gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan Abdurrahman. Nan Allah ya yi masa rasuwa cikin 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa.