Frank Sprague, Mutumin da Ya Sa Tarago Ya Yi Tafiya da Lantarki

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya ya ji sunan Edison. Amma da na tambayi 'yan ɗakinmu ko sun taɓa jin sunan Frank Sprague, babu ko mutum ɗaya. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in kawo tarihinsa, musamman da yake mu 'yan bakin tafkin Kainji ne, waɗanda iyayenmu da kakanninmu suka bar gonaki da tsibirai dominta wutar lantarki.

An haifi Sprague ran 25 ga Yuli 1857 a garin Milford, cikin jihar Connecticut ta Amurka. Yana yaro ƙarami mahaifiyarsa ta rasu, aka kai shi riƙo wurin 'yan'uwan iyayensa a wani gari mai suna North Adams. Can ya yi makaranta, malamai suka lura gwani ne wajen lissafi. A 1874 ya tafi ɗaukar jarrabawa da niyyar shiga makarantar sojan ƙasa, sai ya tarar ashe ta sojan ruwa ce ake yi. Bai koma gida ba, ya zauna ya ɗauka, ya kuwa fi kowa maki. Ya gama a 1878, aka tura shi aiki cikin jiragen ruwan yaƙi. A cikin jirgi, in ya sami sarari, ba ya komai sai zane-zanen injunan lantarki a littafinsa.

A 1882 ya je Landan kallon wani babban baje kolin kayan lantarki. Lokacin nan jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin da kwal yake aiki. Ku duba fa, mutum yana cikin rami, ga hayaƙi, ga zafi, ga baƙin toka yana zuba a tufafi. Shiga wannan jirgi ne ya sa masa tunanin cewa lantarki zai iya wannan aiki ba tare da hayaƙi ba.

Ya ajiye aikin soja a 1883, ya kama aiki wurin Edison. A lokacin, in za a ja wa gari wuta, sai a ƙera ɗan ƙaramin samfurin garin da wayoyi, a yi ta gwaji kafin a san kaurin wayar da ta dace da kowace unguwa. Sprague ya nuna musu ana iya gano wannan da lissafi a kan takarda, cikin lokaci kaɗan. Amma ba su daɗe tare ba. Edison hankalinsa na kan fitila, shi kuwa Sprague abin da ke ransa shi ne injin da zai juya ƙafa. A 1884 ya fita ya kafa kamfaninsa.

Farkon gwajinsa bai zo da sa'a ba. Ya gayyato wani hamshaƙin attajiri, Jay Gould, ya nuna masa tarago mai lantarki a Niu Yok. Suna cikin tafiya sai fis ya ƙone da ƙara da walƙiya, attajirin ya firgita har ya nemi ya yi tsalle ya fita. Daga ranar ya cire hannunsa daga sha'anin.

To, a 1887 sai ga kwangilar birnin Richmond, a jihar Virginia. A wannan zamani dawakai da alfadarai ke jan taragun da ke ɗaukar mutane cikin biranen Amurka. An riga an gwada lantarki a wasu wurare, Siemens ya yi a kusa da Balin tun 1881, amma duk gajerun hanyoyi ne da taragu kaɗan. Abin da Sprague ya sa hannu a kai shi ne hanya mil 12, tarago 40, kowane da inji biyu, da gidan wuta mai ƙarfin doki 375, a gama cikin kwana 90, a biya shi dala 110,000 in aiki ya yi kyau. Ya yarda tun bai ga garin da idonsa ba. Ni dai a ganina wannan ganganci ne, ko da yake ya ci nasara daga baya. Ga shi kuma ana fara aiki zazzaɓin taifot ya kwantar da shi makonni da yawa. Da ya tashi ya je, sai ya tarar an shimfiɗa dogon a gurguje cikin laka, ga kwana masu tsanani, ga tuddai waɗanda alfadarai ma da ƙyar suke hawa.

An buɗe hanyar ran 2 ga Fabrairu 1888, kuma a nan ne ainihin wahalar ta fara. Wutar tana bin waya ce a sama, sanda mai ɗan gare a baki ta taɓo ta, ta sauko da ita cikin injin da ke ƙarƙashin tarago, sannan ta koma gidan wuta ta cikin ƙarfen dogo. Ko'ina aka sami matsala a wannan zagaye, tarago ya tsaya. Injuna suka riƙa ƙonewa a kan tudu, sai da aka sake musu giya. Burushin da ke goga wa injin wuta na tagulla ne a lokacin, yana cinyewa nan da nan, har garinsa ya riƙa zuba a kan hanya tana ƙyalli. Wanda ya taɓa ganin makaniki ya buɗe janareta ya ciro burushin da ya cinye zai gane abin da nake nufi, sai dai nasu tarago da yawa ne, kuma kullum ne. Na kabon da muka sani yanzu daga baya ya zo, ta hannun wani mai suna Van Depoele. Da sanyi ya yi ƙarfi, ƙanƙara ta daskare a kan waya, sai da aka ɗora mutum bisa rufin tarago yana kaɗe ta da tsintsiya. Taragon da ya mutu a hanya kuwa, alfadarai ake kawowa su ja shi zuwa shago, a kwana ana gyara, da safe a fito da shi kamar ba abin da ya faru.

Wannan wuri na tarihinsa shi ya fi kama ni. Sprague bai zauna a ofis yana aike ba. Shi da mataimakansa, samari da suka baro aikin soja, suna shagon gyara, suna duba abin da ya lalace, suna neman dalilin lalacewarsa, su sake ƙira. Littattafanmu kan ba da labarin ranar da aka ƙirƙiro abu, ba su cika faɗin wanda ya hana shi mutuwa a wata na biyu ba. Kawuna yana gyaran injin jirgin ruwa a bakin kogi, kuma na sha ganin yadda ran fasinja cike da jirgi yake rataye da ɗan abin da ya ɗaure ko ya manta.

Ya yi hasarar kuɗi masu yawa a Richmond, amma sunansa ya fito. Henry Whitney, shugaban kamfanin taragun Boston, ya zo da shakka. Tsoronsa shi ne, in taragu suka taru wuri ɗaya suka tashi tare, wutar ba za ta ɗauka ba. Da dare, bayan an tashi aiki, Sprague ya jera tarago 22 a ƙarshen hanya, ya sa aka ƙara wuta a gidan wuta, aka tashe su ɗaya bayan ɗaya. Fitilu suka dusashe, amma duk suka tafi. Boston ta koma lantarki. Kafin ƙarshen 1889, hanyoyi 110 sun kama aiki da tsarinsa ko suna shirin kamawa.

A 1890 kamfanin Edison ya haɗiye nasa, aka cire sunansa daga jikin kayan, abin da ya yi masa ciwo har tsufansa. Ya koma ƙera lif na dogayen benaye. Daga nan ne ya samo dabararsa mafi girma: maimakon kan jirgi ɗaya ya ja taragu, a sa wa taragun injunansu, direba ɗaya ya sarrafa su duka daga gaba. Ya karɓi kwangilar yin haka a Shikago a 1897. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na manyan biranen duniya da wannan dabara suke tafiya, haka ma jirgin lantarki na Legas da aka buɗe a 2023 tsakanin Marina da Mile 2.

Mu a nan, an fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Mutum wajen 44,000 aka tasa, tsohuwar Bussa da tsibirin Foge suka nutse, Gungawa da yawa suka koma tudu. Injuna takwas aka kafa, masu ƙarfin megawat 760. Amma daga Yawuri zuwa Ngaski ko Shanga, har yau mota ce da babur da jirgin ruwa, duk da mai suke tafiya, kuma akwai ƙauyuka a bakin tafkin da ba su ga wayar wuta ba. Ina so in karanta aikin injiniya na lantarki, dalilina ke nan.

Sprague ya ci gaba da aiki har ya tsufa. Yana cikin waɗanda suka tsara mayar da jiragen babbar tashar Grand Central ta Niu Yok kan lantarki, a lokacin yaƙin duniya na farko kuma ya koma yana ba sojan ruwa shawara. A 1910 aka ba shi lambar girma ta injiniyoyin lantarki, wadda, abin mamaki, sunan Edison take ɗauke da shi. Ya mutu ran 25 ga Oktoba 1934 yana da shekara 77, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Taragun Richmond sun ci gaba da ɗaukar mutane har 1949, lokacin da aka maye gurbinsu da motocin bas.