Mai Shari'a Udo Udoma (1917–1998)

An haife shi a yankin Ikot Abasi, ya yi makarantar Methodist ta Uzuakoli, ya karanci lauya a Dublin. A shekarun 1950 ɗan majalisa ne, mai neman a ba ƙananan ƙabilun Gabas jiharsu. Ya zama Babban Jojin Uganda a 1963, sannan alƙali a Kotun Ƙolin Nijeriya daga 1969 zuwa 1982.

Mu dai abin da ya fi shafarmu shi ne majalisar tsara tsarin mulki da ya shugabanta a 1977–1978. Gardama kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta yi zafi, har wakilai Musulmi suka fice kafin a sasanta. Tsarin mulkin 1979 ya hana gwamnati mai da wani addini na hukuma. Na 1999 ya riƙe wannan sashe, wanda yake kāre masu bi a Gwarzo da Kabo har yau.