Rowland Bingham: Mutumin da Ya Yi Addu'a Cikin Duhu

Kafin a fara wannan darasi, bari a karanta Ibraniyawa 11:8-16, inda aka ba da labarin Ibrahim, wanda ya tashi daga ƙasarsa bai san inda za shi ba.

Sau da yawa 'yan'uwa a nan Bauchi su kan tambaye mu, yaya mutum zai yi addu'a sa'ad da bai san abin da gobe za ta kawo ba? Manomi bai san yadda damina za ta kasance ba, uba bai san ko ɗansa zai sami aiki ba. Domin wannan mu ke so mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda ya yi shekaru yana roƙo, bai ga amsa ba.

An haifi Rowland Bingham a Ingila a shekara ta 1872. Yana saurayi ya ƙaura zuwa Kanada. A birnin Toronto ya sadu da wata dattijuwa, uwar Walter Gowans, wadda ta ba shi labarin ƙasar Sudan. A zamanin nan Sudan ita ce sunan dukan ƙasar da ta miƙe kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Maganar ta kama zuciyarsa, ya kuwa tashi ya bi ɗanta.

Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka Ikko: Gowans, da Thomas Kent, da Bingham. Ba wata ƙungiya da ta aiko su, kuɗinsu kuwa kaɗan ne. Wani babban mai bishara a Ikko ya gaya musu a fili, ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham, sai aka bar shi a bakin teku domin ya riƙa aika wa abokansa kaya. Gowans ya kai Girku, kusa da Zariya, can ya rasu a watan Nuwamba, 1894. Kent ya rasu a Bida a watan Disamba. A 1895 Bingham ya koma gida shi kaɗai.

Ya tafi wurin uwar Gowans da nauyin zuciya. Amma ita ta nuna masa gara ɗanta ya mutu can cikin biyayya da ya zauna gida yana ƙin kiran Ubangijinsa. Ba ta bar yin addu'a domin Sudan ba.

Shi kuwa bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai. Dā yana tsammani wanda ya dogara ga Allah ba za a bar shi ya mutu da ciwo a bakin aikinsa ba. Ga shi an yi roƙo, duk da haka an haƙa kabari biyu. Bai ɓoye shakkarsa ba, bai kuwa rufe Littafi Mai Tsarki ba. Ya koma yana bincike, har ya gane Allah bai yi alkawari zai tsare bayinsa daga kowace wahala ba. Alkawarinsa shi ne zai kasance tare da su a cikinta. Ya gane kuma shan magani ba rashin bangaskiya ba ne.

A 1900 ya sāke zuwa Ikko tare da mutum biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sāke kama shi, aka ɗauke shi zuwa jirgi, abokansa kuma suka karaya suka koma. Shekara bakwai ke nan, ba tasha ko ɗaya, ba wanda ya tuba. Wannan shi ne lokaci mafi duhu a ransa. Duk da haka ya tara waɗansu mutum huɗu ya aike su, shi kuwa ya tsaya a gida yana neman masu addu'a da masu bayarwa. A 1902, shekarar da Turawa suka shiga Bauchi, aka kafa tasha ta fari a Pategi, bakin Kwara, cikin Nufawa. A lokacin an riga an gane sauro ne ke kawo zazzaɓi, shan kwini kullum kuwa ya ceci rayuka da yawa.

Daga nan aikin Sudan Interior Mission ya yi ta yaɗuwa. A 1917 ya kai Kaltungo cikin Tangale, wadda a lokacin tana cikin Lardin Bauchi. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin ƙungiyoyi dabam dabam tare. Bingham ya rasu a watan Disamba, 1942, masu aikin ƙungiyar sun kai ɗaruruwa. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Taken ƙungiyar kuwa yana shaida cewa da addu'a aka yi aikin.

Me za mu koya? Addu'a ba duba ba ce. Bingham bai taɓa samun labarin gobe ba. Abin da aka ba shi shi ne ƙarfin ɗaukar taki ɗaya na gaba. Amsar kuma ba ta zo yadda ya roƙa ba, gama waɗansu ne suka fara shiga inda ya yi marmarin shiga, Gowans da Kent kuwa ba su ga girbi ba. Mu da mu ke sujada da Hausa a Bauchi muna cikin amsar addu'ar da aka yi tun ba a haife mu ba.

A karanta Yohanna 12:24 da Filibiyawa 4:6-7, sa'an nan a tattauna. Wane abu ne ka daɗe kana roƙo ba ka ga amsa ba? Wane taki ɗaya ne ka san Ubangiji yana so ka ɗauka a makon nan, ko da ba ka ga ƙarshen hanya ba? A rufe da addu'a, kowa ya ambaci damuwar ɗan'uwansa a gaban Allah.